A Sabon Gari Ba A Cewa Babu

Kwangila

Direba ya sauke ni a Kwangila ana tsuga ruwa, ya jefo mini jakata da ƙaramin buhun citta daga saman mota, ya ja ya tafi kamar wanda ya rabu da ƙaya. Kada a tambaye ni yadda na baro gida. Kuka ne da addu'a da "ki riƙa kira", kowa ya san wannan. Abu ɗaya ya kamata a sani. Babana manomin citta ne a wani ƙauye can bayan Kachia, kuma kafin ya yarda in zo Zariya koyon aikin kwamfuta bayan na gama sakandare, sai da ya kafa mini sharaɗi. Ya ce, "Rifkatu, mun shuka, mun rufe da ganye. Daga yau har a fara tono, lokacin naki ne. In aka fara tonon citta ba ki da aiki a hannu, ki dawo. Fartanyarki tana nan rataye."

Baba ba ya maimaita magana. Ni ma ba na so a maimaita mini, don haka muka rabu a kan hakan.

Masu keke suka yanyame ni. Na zaɓi wanda ya fi kowa fara'a, na ce masa Dogarawa. Ya girgiza kai ya ce, "Kai, Dogarawa da nisa, hajiya, ga ruwa." Muka yi ta tafiya, muka ratsa kasuwa, muka tsallake layin dogo, muka sake ratsa wata kasuwar da ta yi mini kama da ta farko. Da muka iso ƙofar gidan Anti Laraba, aminiyar Mamana da zan zauna a wurinta, ta fito da almakashi a hannu ta ce, "Daga ina ya ɗauko ki?" Na ce Kwangila. Ta juya ta nuna mini gadar Kwangila da bakin almakashin. Ga ta can, ana hango ta.

Abin da na faɗa wa mai keken nan ba zai rubutu ba. Shi kuwa dariya yake yi, yana cewa, "Ai gari na nuna mata, Anti, baƙuwa ce." Anti Laraba ta ba shi abin da ya dace da tafiyar gaskiya, ta ja ni ciki tana cewa, "Baƙo makaho ne ko da idonsa. Shigo, kin biya kuɗin gaisuwar Zazzau."

Dogarawa

Anti Laraba tela ce. Ita ke ɗinka wa Zumuntar Mata na cocinsu anko, don haka ɗakin da na kwana rabi gado ne, rabi tsibin atamfa. Da safe nakan tashi da guntun zare a gashina.

Abin da ya fara ba ni wahala a garin nan gaisuwa ce. A gidanmu ma ana gaisuwa, amma nan kamar aikin gwamnati ne. In Anti ta aike ni sayen gishiri a shagon maƙwabci, sai an yi ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ya baƙunta, ya mutanen gida, ya muka ji da jama'a, sannan a zo kan gishiri. Ranar farko na shiga na ce, "Gishiri." Mai shagon ya dube ni ya ce, "Lafiya lau, na gode, ke ma ya gida?" Kafin in dawo labari ya riga ni zuwa.

"Ke 'yar nan," in ji Anti, "bakinki kamar gatari. Magana ma ana shafa mata mai."

Na ce, "Anti, gishiri na je saya, ba dangi na je nema ba."

Kewar gida takan kama ni da yamma, lokacin da na san Mama tana dama gwaten acca, ƙannena suna faɗa a kan ƙanzo. Sai in jawo buhun cittar da ta ƙulla mini daga ƙarƙashin gado, in buɗe, in tura fuskata ciki har sai na yi atishawa. Atishawar nan ta fi mini kuka sauƙi, kuma in Anti ta ga idona ya yi ja, ina da abin da zan ɗora wa laifi.

Samaru, zuwan farko

Wurin da na yi rajista tun daga gida yana wani lungu a Samaru. A hoton da na gani a waya, kwamfutoci ne jere kamar a banki. Da na je, na tarar da guda biyu, ɗaya ba ta kawo wuta. Mai wurin, wanda kowa ke kira Injiniya, yana da takalmi mai ƙyalli da magana mai daɗi. Ya ce za a fara da koyon buga rubutu, sai mako mai zuwa a shiga gina shafin intanet. Mako mai zuwa ya zo, ya ce mako mai zuwa. Na buga wasiƙar neman aiki ta wani mutum da ba shi a duniya har na haddace ta.

Wata rana na tsare shi a bakin ƙofa. Na ce, "Injiniya, ka iya abin nan ko ba ka iya ba? Faɗa mini in san inda dare ya yi mini." Ya ce in yi haƙuri, gaggawa ba ta da kyau ga mace.

Ran Litinin na zo na tarar ana yi wa wani ɗalibi aski a inda kwamfuta take. An kafa madubi, an liƙa hotunan aski iri-iri. Na ce ina Injiniya? Mai askin ya ce, "Wa? Ni haya na kama."

Na zauna a kan dakali ina huci. Akwai wata mata mai suyar awara a gefen wurin, kullum ina wuce ta ba gaisuwa. Ta zuba awara a takarda, ta barbaɗa yaji, ta miƙo mini. Na ce ba ni da niyyar saya. Ta ce, "Wa ya ce ki saya? Ci. Ba ke ce ta farko ba, kuma kin fi sauran, su kuka suke yi, ke zagi kike yi." Da na ci na huce, ta ce akwai wata malama a bayan shagon fotokwafi da ke kusa da tasha. "Ita ba ta da allon talla, amma ɗalibanta ba sa zama a dakalina. Je ki. Kuma don Allah in kin shiga ki gaishe ta."

Samaru, zuwa na biyu

Malama Hauwa siririya ce, da tabarau da hijabi ruwan ƙasa, tana karatun digiri na biyu, tana koyar da 'yan mata kaɗan da rana a wani ɗaki mai fanka ɗaya. Na gaishe ta, gaisuwa cikakkiya, har da ya ruwa. Sannan na ce, "Malama, an cuce ni, ba ni da abin biya yanzu, kuma lokacina yana ƙarewa da tonon citta."

Ta yi tari ta ce, "Citta? Ke 'yar Kachia ce?" Ashe mura ce ke damun ta tun farkon damina, ta ce cittar kasuwa ba ta da yaji. Washegari na kawo mata ta gonarmu. Ta dafa shayi ta kurɓa, hawaye ya zubo mata, ta ce, "Zauna. Ki riƙa kawo wannan, ki share ɗakin nan da safe, sauran sai kin samu aiki." Ina jin a duk Samaru ni kaɗai na yi karatu da citta.

Mun fara da yadda ake tsara fuskar shafi, kala da rubutu da maɓallin dannawa. Na yi, amma bai kama raina ba, kamar kwalliya ce. Ranar da ta ce za mu shiga database, wato rumbun da shafi ke ajiye bayanansa, ranar na san abin da ya kawo ni Zariya.

Ta zana tebur a allo, layi-layi, kowane layi kaya ɗaya, da sunansa da launinsa da yawansa. Ta ce, "Rumbun nan ba ya magana sai an tambaye shi, kuma tambayar tana da tsari. Rifkatu, in Mamanki za ta aike ki rumbu, me take cewa?"

Na ce, "Takan ce, ɗauko mini acca, a rumbun baya, wadda aka riga aka casa."

"Shi ke nan, kin iya." Ta rubuta kalmomi uku. "SELECT, me za a ɗauko. FROM, daga wane tebur. WHERE, wane iri. Ba wani tsafi."

Na zauna na buga: SELECT suna FROM kaya WHERE launi = 'ja'. Na danna. Kafin in ɗauke yatsa, duk jajayen kaya sun jeru a gabana. Na canza zuwa shuɗi, suka jeru. Na nemi launin da ba a saka ba, ya ba ni fili fayau, ba kame-kame, ba mako mai zuwa.

Na yi ihu har mai fotokwafi ya leƙo. Na ce, "Malama, wannan ɗan'uwana ne! Ba ina kwana, ba ina gajiya. Ka tambaye shi ya ba ka, in babu ya ce babu!"

'Yan ajin suka fashe da dariya. Tun daga ranar suke kirana Select.

Ba wai ban sha kunya ba. Da aka koya mana yadda ake gyara abin da ke cikin tebur, sauri ya sa na manta WHERE, na mayar da kowane kaya a teburin gwaji ya zama ja, har da farin zare. Malama ta ce, "Kin ga? WHERE shi ne linzami. In babu shi, kowace gona dokin zai shiga." Ta sa na gyara su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Daga nan na koyi rubuta WHERE tun kafin in rubuta sauran.

Damina ta yi nisa. Muka koyi yadda shafi ke karɓar abin da mutum ya rubuta a wayarsa, ya miƙa wa rumbu, ya dawo da amsa. Sai Malama ta ce wasa ya ƙare, kowa ta je ta nemo shago na gaske ta yi masa aiki na gaske.

PZ

Anti Laraba ce ta kai ni wurin Madam Nkechi, inda take sayen kayan ɗinki. Shagon yana wani layi tsakanin PZ da kasuwar Sabon Gari, cike da zare da zif da maɓallai da allurai har rufi. Madam babbar mace ce mai murya kamar lasifika. Iyayenta daga Gabas suka zo, amma ita a nan aka haife ta, kuma kafin in zauna ta sanar da ni cewa Hausarta ta fi tawa.

Ta ce teloli suna zuwa mata daga Giwa da Soba da Maƙarfi, kuma duk yini wayarta ba ta hutawa da "akwai kaza?" Ta gaji. "In kin yi mini abin da za su duba da kansu, kuma ya yi aiki, na ɗauke ki, kowane wata ki ga albashinki. In bai yi ba, ki tattara kwamfutarki, no vex."

Na shafe kwanaki a kan tsani ina ƙirga mata kaya ina shigarwa a tsohuwar laftof ɗin da Malama ta ara mini. Na gina shafin: gurbi ɗaya na rubutu, maɓalli ɗaya. In kayan yana shago, ya ce Akwai. In ba ya nan, ya ce Babu, da manyan baƙaƙe, jajaye. Na ji daɗin Babu ɗin nan ƙwarai. Madam ta gwada baƙin zare, ta gwada zif, ta ga Akwai, ta yi rawa a tsakiyar shago, ta tura wa telolinta shafin a waya. Ta ce a ga yadda zai yi zuwa ƙarshen wata.

Na kira Mama ina murna. Ta ce in yi sauri, ganyen citta ya fara yin rawaya, Baba ya kai fartanyoyi wurin maƙeri.

Ba a yi mako biyu ba wani dattijon tela daga Giwa, Malam Shehu, ya biyo ta layin da ƙatuwar leda a hannu. Suka yi gaisuwarsu mai tsawo da Madam, sannan ya ce, "Ashe kin daina kawo zaren aiki ruwan toka? Ina da ɗinkin biki, na duba abin nan naki ya ce babu, sai da na tafi har Kano."

Madam ta juyo a hankali ta dube ni.

"Ya ce me?"

Na ce, "Babu. Ai babu ɗin ne, Madam, ni na ƙirga. Ruwan toka ya ƙare."

"Chineke! A shagona? Da sunana a sama? Yarinyar nan kin kashe ni. Tun uwata tana riƙe da shagon nan ba a taɓa ce wa mutum babu ba!"

"To in babu, me za a ce?"

"Rufe abin nan. Rufe shi yanzu. Gobe ki zo ba kwamfuta, ki zauna a nan, ki kulle bakin nan naki, ki buɗe ido."

Na koma Dogarawa raina a ɓace. Na ce wa Anti ni gaskiya na rubuta, in Madam ƙarya take so sai ta nemi Injiniya. Anti ba ta ko ɗago daga keken ɗinki ba. Ta ce, "Kin yi kwanaki a shagon nan kina kallon kanta. Mutane fa, kin kalle su?"

Sito

Washegari na zauna a kan benci kamar an ɗaure ni. Wata mata ta zo neman leshi mai ruwan zuma. Na san babu, ni na ƙirga. Madam ta ce, "Akwai mana! Zauna, 'yar'uwa, sha ruwa, bari in duba sito." Ta fita ta ƙofar baya. Jim kaɗan ta dawo da leshin, matar ta saya ta tafi. Wani ya zo neman maɓallin kaftani, shi ma babu. Akwai mana, zauna, bari in duba sito. Ta dawo da shi.

Na kasa haƙuri. Na ce, "Madam, kina da sito ba ki nuna mini ba? Da na shigar da shi!"

Ta ce, "Biyo ni."

Muka fita ta baya, muka bi wani siririn lungu, muka tsallake kwata, sai ga mu a bayan shagon wani dattijo mai farin gemu, Alhaji Tanimu, wanda zaren aiki da maɓallai suka fi yawa a wurinsa. Ko ɗago kai bai yi ba, Madam ta miƙa hannu ta ɗauki abin da take so ta ɗaga masa ya gani. Muka ƙara gaba, sai bayan shagon Iya Bose, wata Bayarbiya mai sayar da leshi da yadin shafin riga. Muna fitowa muka yi karo da Iya Bose ɗin a lungu, rungume da zif ɗin da ta ɗauko daga shagon Madam.

"Ga sitona," in ji Madam. "Ni kuma sitonsu ce. Da yamma kowa ya san abin da zai ba ɗan'uwansa. Ruwan tokar da kika kori mutum Kano dominsa, ga shi can katan-katan a wurin Alhaji."

Na tsaya a lungun nan ina kallon ƙofofi uku. Ashe rumbuna bai yi ƙarya ba, ni ce na tambaye shi rabin tambaya. Na ce masa ya duba shagon Madam, alhali shagon Madam ƙofa uku gare shi.

Ban ko yi sallama ba na tari mota zuwa Samaru. Na faɗa wa Malama Hauwa komai ina haki. Ta yi dariya har tabaranta ya zame, ta ce, "To yau za ki koyi JOIN, wato haɗa tebur da tebur." Ta nuna mini: tebur ɗaya na kaya, tebur ɗaya na shaguna, kowane shago da lambarsa, kowane layin kaya yana ɗauke da lambar shagon da yake ciki. JOIN ita ce ke bin lambar nan ta haɗa su, kamar lungun da ke bayan shagunan. Tambaya ɗaya sai ta zagaya ƙofa uku ta dawo. Tela ya ga Akwai kawai, Madam kuma a tata wayar ta ga Akwai, a wurin wane.

Na yi ta fama da ita kwana da kwanaki. Farko kowane zare ya fito sau uku. Na gyara, sai leshi ya ɓace gaba ɗaya. Na zagi laftof, na ba ta haƙuri, na sake zaginta. Ranar da amsa ta fito daidai, na rungume Malama har shayinta ya zube.

Saura a shawo kan masu ƙofa biyun. Madam ta yarda ta kai ni, amma ta ce in na buɗe baki da "Kaya!" ba gaisuwa, za ta murɗe mini kunne. Na durƙusa na gaishe da Alhaji Tanimu, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa, har na tambayi ciwon gwiwarsa da Madam ta tsegunta mini. Ya saurare ni ya ce, "'Yata, ki zuba sirrin shagona a waya?"

Man da na shafa wa bakina ya ƙare a nan. Na ce, "Alhaji, wane sirri? Rannan a gabana Madam ce ta nuna maka inda ka ajiye allurar hannu."

Na ji Madam ta ja numfashi. Alhaji ya dube ni, ya dube ta, sai ya tuntsure da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Wallahi gaskiya ta faɗa. Shiga ki ƙirga."

Iya Bose ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce ta yarda, da sharaɗin ita ma a yi mata nata shafin da sunanta a sama, kayan Madam da na Alhaji su fito a matsayin nata. Alhaji ya ce to shi ma ba za a bar shi a baya ba. Shafi uku, rumbu ɗaya.

Ranar gwaji

Su ukun suka taru a shagon Madam, kowa da wayarsa. Zaren aiki ruwan toka: Akwai. Leshi ruwan zuma: Akwai. Madam ta leƙa wayarta ta ga sunan Iya Bose a gefe, ta yi guɗa. Suka yi ta gwada ni kamar masu neman laifi, ba su samu ba.

Sai Madam ta ce, "To abin da duk mu ukun ba mu da shi fa?" Ta rubuta bel ɗin keken surfani. Jar Babu ta fito ɓaro-ɓaro.

"Cire. Ki sa Akwai."

Na ce, "Ba zan sa ba."

Na san aikin nan ne ke tsakanina da fartanya, kuma a safiyar ranar Mama ta gaya mini maƙwabtanmu sun fara tono. Amma na ce, "Madam, mutum zai taso daga Giwa, ya biya mota, ya zo ya tarar ba komai. An taɓa ce mini akwai a Samaru, na zo na tarar da mai aski. Ba zan yi wa wani haka ba."

"Ni kuma babu ba za ta zauna ƙarƙashin sunana ba!"

"To sai dai mu rabu."

"To mu rabu ɗin!"

Alhaji Tanimu ya ɗaga hannu. "Ku dakata, ku biyun duk garwashi ne. Nkechi, in mutum ya zo neman abin da ba mu da shi duk layin nan, me kike ce masa?"

"Ina ce masa ya ba ni zuwa gobe, zan samo masa."

"Kina samowa?"

"Ko a Anacha yake sai na samo."

Ya juyo gare ni. "Wannan ƙarya ce?"

Na ce a'a.

"To rubuta."

Na goge Babu, na rubuta: Kira Madam, za a samo maka. Na mayar da launin kore. Madam ta karanta sau biyu, ta taɓe baki, ta ce rubutun ya yi ƙanana, in ƙara masa girma. Sannan ta ce, "Kowace safiya ki zagaya ƙofa ukun nan ki gyara abin da ya shigo da abin da ya fita. Mu ukun za mu haɗa albashinki. Kuma ki daina yi mini tsawa a shagona."

Na ce, "Ke kika fara, Madam."

Iya Bose ta ce, "Kai, Nkechi ta haifi 'ya ba naƙuda."

Washegari sai ga Malam Shehu daga Giwa, yana ɗaga waya tun daga bakin layi. "Ya ce akwai!" Madam ta shimfiɗa masa gaisuwa, ta ba shi benci da ruwan sanyi, ta leƙa wayarta a ɓoye, ta ce da ni cikin isa, "Rifkatu, duba mana ruwan toka a sito."

Na nufi ƙofar baya. Sai na ji Malam Shehu ya ce, "In kin je siton, ki gaishe mini da Alhaji, ki ce ya gwiwar."

Na tsaya cak. Na ce, "Baba, ka sani? To me ya hana ka zuwa wurinsa kai tsaye?"

Ya kurɓi ruwansa ya ce, "Alhaji yana da nasa mutanen. Ni a bencin nan nake zama tun uwar Madam tana da rai. Je ki, 'yata, ɗinki na jira na."

A lungun na tsaya, tsakanin ƙofar Madam da ta Alhaji, na kira Baba. Ina jin ƙarar fartanya da hayaniyar mata a bayansa, an fara. Na ce, "Baba, ina wuni? Ina gajiya? Ya gona? Ya Mama da yara? Ya aka ji da aiki?"

Ya ce, "Wa ke magana?"

"Ni ce, Rifkatu."

"Ke ce da gaisuwa haka? Lafiya? To bar wannan. Mun shiga gona. Aiki, akwai ko babu?"

Na ce, "Baba, a Sabon Gari ba a cewa babu."

"Ni ban san Sabon Gari ba. Akwai ko babu?"

"Akwai, Baba. Har ƙofa uku."

Na ji ya juya ya ɗaga murya yadda duk gonar za ta ji: "Ku gaya wa uwarta akwai! A ba wani fartanyar nan!" Sannan ya dawo kan waya, muryarsa ta koma yadda na san ta. Ya ce buhun farko da aka tona nawa ne, zai sa a mota, in je Kwangila in karɓa in kai wa malamar nan mai mura.

Na ce to. Ya ce in nemi keke, kada in ɗauka a ka.

Na ce, "Bar shi, Baba. Na san hanya."